Mai Karanta wa Kujera Kasafin Kuɗi

Ƙarfe bakwai da rabi yake sauka ɗakin ƙasa na maɗaba'ar gwamnati, inda babu taga, sai fanka mai kuka da warin tsohuwar takarda. Ya rataye hularsa, ya goge kujeru biyu, ya zauna a ɗaya. Baba Jan Biro ke nan, mai duba kasafin kuɗin ƙasa kafin a kai shi injin bugawa. Shekararsa talatin da huɗu a nan, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya karanta abin da majalisa ta amince da shi da ƙarfi, ɗaya ya bi kwafin da za a buga da rula, layi bayan layi. Abokin aikinsa, Dogo, ya rasu shekara tara ke nan, ba a kawo wani ba. Baba bai fasa ba. Ya karanta, ya miƙa hannu ya matsar da rular a gaban kujerar Dogo. Tsaro kaza, hanyoyi kaza, lafiya kaza. Mu masu ɗinka littafin muna jin muryarsa ta bango, yana ɗan dakatawa bayan kowane layi kamar mai jiran amsa.

Shekara biyu da suka wuce muryar ta tsaya cak. Layin maganin saran maciji na asibitocin karkara yana cikin takardar majalisa, amma babu shi a kwafin bugu. Kuɗin ya sulale zuwa gyaran gidan saukar baƙi. Baba ya ƙi sa hannu, inji ya kwana uku shiru.

Darakta ya sauko da kansa, yana toshe hanci.

"Baba, fansho ya kusa. Kada ka yi ɓarin mai a bakin ƙofa."

"Ranka ya daɗe, ni wa ne? Dogo ne bai ga layin ba, kuma ba ya bari in wuce."

Darakta ya dubi kujerar. Ga rula kwance daidai gurbin da layin ya ɓace. Mai shara tana wurin, ta rantse fankar ma ta yi shiru. Darakta ya ce, "Tsufa ya taɓa ka," amma bibbiyu ya riƙa taka matakala. Washegari layin ya dawo.

Ga abin da ke cin raina. Bara majalisa da kanta ta yanke kuɗin rufin makarantu, ta ba gidan baƙin nan. Takardu biyu suka yi daidai. Baba ya karanta, ya sa hannu. Na tambaye shi, ina bambancin?

Ya ce, "Ɗana, bargon gajere ne, ka rufe kai ƙafa ta fito. Wanda ya ja a fili, ana iya tsare shi da tambaya. Ni mai ja a ɓoye aka sa ni tsarewa."

Har yau ban san ko amsar ta ishe ni ba. Na dai san akwai manomin da maciji ya sara, yau yana gona, bai taɓa jin labarinka ba. Kai ne mai gadin ƙofar da ba a ganinta, Baba. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai albarka.

Duk wanda zai gaje ka, kada ya fitar da kujera ta biyu. Ya karanta da ƙarfi, ya dakata bayan kowane layi. Akwai masu saurare.