Sake-Duba da Misalinsa na Ƙarya

Haihuwa da karatu

An haifi marigayin da abokan aiki suka fi sani da Sake-Duba a shekarar 1969, a wani gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinsa mai gyaran sikeli ne, mahaifiyarsa ungozoma. Ya gaji halin uban na ƙin yarda da ma'auni sai an gwada shi, har ya zama shi ne na ƙarshen fita daga kowace jarrabawa. Ya kammala digiri a ilimin kwamfuta a 1993.

Aiki da aure

A 1996 ya kama aiki a kamfanin da ke rubuta manhajar lissafa wa jarirai magani gwargwadon nauyinsu. Al'adar masu wannan sana'a ce su rubuta bayani a cikin manhaja, su haɗa da misali: nauyi kaza, magani kaza. Masu haɗa na'urorin asibiti kuwa ba su cika karanta bayanin ba, misalin suke kwafa. Saboda haka a 2001 aka ɗora masa gwajin wata ƙaramar manhaja mai tsamo misalan ta gudanar da su. In amsa ta yi daidai allo ya nuna kore, in ta saɓa ya nuna ja.

A 2002 ya auri wata malamar lissafi, wadda takan tsokane shi da cewa ko ita sai da ya duba ta sau uku.

Shekarar firgici

A watan Maris na 2006, da hantsi, ya gano cewa koren da suka yi wata goma sha huɗu suna alfahari da shi na banza ne. An sauya wa fayilolin mazauni, manhajar ba ta tsamo misali ko ɗaya, kuma da yake ba ta ga kuskure ba sai ta nuna kore. A cikin misalan da ba a gwada ba akwai wanda ya ninka magani sau goma. Bincike ya ce babu jaririn da ya rasu, iyakar abin da aka sani. Wannan jumla ta ƙarshe ita ta ramar da shi, kuma tsoronta bai sake shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Daga nan ya dasa misalin ƙarya guda da gangan, a fayil ɗin da ba ya zuwa asibiti, ya rubuta dalilinsa a samansa, domin kullum a ga ja ɗaya. Abokan aiki suka ce wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Amsarsa ita ce: "Karen da ba ya haushi, ko dai babu ɓarawo, ko ya mutu. Ni kullum ina son in ji muryarsa."

Shekarun ƙarshe

Ya yi ritaya a 2021. A shekarar da ta biyo baya ya sami shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke. A watan Yuni na 2023 injiniyar da ta gaje shi ta aiko da saƙon girmamawa, cewa ta gyara kuskuren nan da ya gagari kowa shekara goma sha bakwai, yanzu allo kore ne shar. Ita ma misalin ta gani, ba ta karanta bayanin ba. Matarsa ta karanta masa saƙon a bakin gado. Ya yi ta buga hannu a ƙarfen gadon yana hawaye, iyalin suka ɗauka murna ce.

Rasuwa

Ya rasu bayan kwana tara, yana da shekara hamsin da huɗu, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Babban ɗansa ya ga bayanin misalin ƙaryar a littafin rubuce-rubucen marigayin, ya rubuta wa kamfanin wasiƙa biyu, kuma har zuwa rubuta wannan tarihi ba a sami amsa ba.

Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: babban, mai gyaran lantarki, ta tsakiya, tela, da auta, ɗaliba. Ya kuma bar jika ɗaya, bakwaini, wadda ke kwance a ɗakin jarirai, ana lissafa mata magani safe da yamma da manhajar wannan kamfani.