Tumatir Biyu a Tafin Hannuna

Ko da zan manta komai na zamanin da nake sakandare, ranar da na yi gudun miƙa sanda a Makarfi ba za ta fita daga raina ba. Yanzu ina da 'ya'ya, gwiwa ma ta fara ƙorafi, amma har gobe in na tuna sai na ji jinina ya motsa.

Ni 'yar Hunkuyi ce, kuma tun ina ƙarama ƙafata ba ta san tafiya a hankali ba. In aka aike ni niƙa, kafin a gama wanke tukunya na dawo. Da na fara zama budurwa sai na koma irin gudun da duk 'yan matan garinmu suke yi: hannun dama ya damƙe hijabi a ƙarƙashin haɓa, na hagu ya kare ƙirji, kai a sunkuye, ƙafafu kaɗai aka bari da wahala. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana. Yayyenmu muka gani suna yi, muka ɗauka haka mace mai kunya take gudu in gudun ya zama dole.

Da wannan gudun na rabin jiki nake cinye 'yan ajinmu, don haka kaina ya kumbura. Ana nan sai aka kawo mana sabuwar malamar wasanni, wata siririya 'yar kudancin Kaduna, mai faɗar magana ba kwana-kwana. Ta tsaya ta kalle ni na zagaye fili na bar kowa a baya, ina jira ta yaba. Sai ta ce, "Ke, ƙafafunki suna gudu, sauran jikinki yana roƙonsu su tsaya."

Na ji haushi ƙwarai. Ita ko a jikinta. Ta ce za a yi gasar makarantu a Makarfi, har da na Ikara da namu na Kudan, kuma ni take so in karɓi sandar ƙarshe. Amma da wane hannu zan karɓa, tunda duka biyun suna gadi? In ban sake su ba, wata za ta sa.

A gida kuma wata wutar ce. Baffana, yayan babanmu, shi ne babba a gidan, ya ce 'ya mace da ta kai munzali ba ta da abin yi a fili tana watsa hannuwa a gaban maza. Babanmu manomin tumatir ne a fadama, ba mai yawan magana ba. Shi ne ya yanke: in je wannan karon, amma in hijabina ya bar kaina a gaban jama'a, na gama gudu har abada. Ga malama tana cewa in saki hannu, ga gida ana jiran hijabi ya zame. Na kwana ina cizon yatsa, amma ko da wasa ban kawo janyewa a raina ba.

Sakin hannun bai zo da sauƙi ba. Zan fara gudu da niyya mai kyau, kafin in ankara hannun dama ya koma haɓata shi kaɗai. Washegari malama ta zo da ɗan kwando. Lokacin kakar tumatir ce, ya yi arha har ana zubarwa a bakin titi. Ta zaɓo biyu da suka nuna luguf, ta sa mini ɗaya a kowane tafi, ta ce in zagaye fili in dawo mata da su lafiya.

Ban yi nisa ba hannun nan ya tashi kamar yadda ya saba, ya dafe tumatir a wuyan farin hijabina. 'Yan uwana masu gudu suka bushe da dariya, tun daga ranar suka raɗa mini Mai Miya. Innarmu ta sha wanki, ni kuma na sha faɗa. Da na hana hannun tashi sai wata matsalar ta fito: ina dunƙule yatsu da ƙarfi har ruwan tumatir yana bin gwiwar hannuna. Ban taɓa sanin haka nake matse jikina ba.

Malama ba ta cika gyara ni da baki ba, tambaya take yi. In na dawo ina haki sai ta ce in rufe ido in gaya mata inda ya ɗaure. Da farko na ce babu. Da na saurara sai na tarar haƙorana a cije, kafaɗuna sun hau har kusa da kunne, numfashi a maƙale a wuya. Ta sa na saki muƙamuƙi, sai kafaɗu suka sauko da kansu, yatsu suka yi laushi. Ta ce in tura gwiwar hannu baya, in bar gaba ta zo da kanta, in daina kallon yatsun ƙafa in kalli mangwaron da ke ƙarshen fili. Har sautin takuna ta sa na riƙa saurare, ko ina marin ƙasa ne ko taɓa ta nake in wuce.

Wata safiya abin ya zauna. Hannun dama da ƙafar hagu suka tafi tare, na hagu da ta dama suka amsa, kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya. Gudun ya yi sauƙi har na tsorata. Na miƙa wa malama tumatirinta ko ƙwarzane babu. Ta goge ɗaya a rigarta ta cinye.

Saura hijabi. Innarmu ba ta taɓa cewa tana bayana ba, amma ita ta zauna a kan keke ta ɗinka mini gajere mai igiya biyu da ake ɗaurewa ta ƙeya, a cusa gindinsa cikin doguwar riga. Ta tsayar da ni a tsakar gida ta ce in yi tsalle. Na yi. Ta ce in ƙara, in girgiza kai. Da ta ga bai motsa ba ta ce, "To, ki bar masa aikinsa, ki yi naki."

Ranar gasa fili ya cika. Ina ɗaga kai na hango baffana zaune a kan mashin ɗinsa a gefen igiya, wai kasuwa ya zo. Na san abin da ya zo gani.

Da sandar ta iso hannuna na hagu, wata doguwa 'yar Ikara ta riga ta wuce ni. Na bi ta. A kan kwana iska ta bugo mu, na ji bakin hijabi yana kaɗawa a kunnena, wasu samari a gefe suna ihu da maganganun banza. Nan take hannun dama ya taso, har ya kai ƙirjina. Kafaɗu suka hau, takuna ya rikice, doguwar nan ta ƙara nisa. Na ji komai yana faruwa a jikina ɗaya bayan ɗaya, abin da a da ba zan taɓa ji ba.

Sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce a raina wallahi ba zan kama ba, in zai faɗi ya faɗi ina gudu. Na saki haƙora, na mayar da tumatir tafina a zuci, na tura gwiwar hannu baya. Jikin ya dawo ɗaya. Ban ƙara jin samarin ba. Dab da layi na sha gaban doguwar, na wuce har sai da malama ta tare ni da ƙirjinta.

Abin da na fara yi shi ne taɓa kaina. Hijabi yana nan daram, ko silin gashi bai fito ba.

Ban jira a kira ni ba, na tafi wajen baffana na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa ba. Ya ce, "Haka kika saki jiki a gaban jama'a?"

Na ce, "Baffa, a duba kaina. Sharaɗin da aka gindaya mini na cika shi. In Allah ya kai mu baɗi, zan dawo."

Ya dube ni, ya dubi hijabin, ya tada mashin ya tafi. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, ni kuma ban fasa durƙusa masa kullum safe ba, ban kuma fasa zuwa fili ba.

Da yamma babanmu ya dawo daga fadama, ya tambayi innarmu abu ɗaya, ko hijabin ya faɗi. Ta ce bai faɗi ba. Ya wanke ƙafarsa, ya yi alwala, har ya kai ƙofa sannan ya juyo ya ce gobe in biyo ta fadama in ɗebi tumatir, tunda ya ji sauran 'yan matan ma hannunsu a ɗaure yake.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, shekaru na yi ina damƙe jikina ina ce wa abin kunya, ashe tsoro ne kawai. Mutuncina bai taɓa zama a cikin dunƙulallen hannun nan ba. Shi ya sa ranar da na ga 'yata ta fari ta taho a guje daga islamiyya da hannu a haɓa, ban yi mata faɗa ba. Na gyara mata ɗaurin hijabinta, na shiga madafa na ɗauko tumatir biyu.