Lakilen Akwatin Motar Kawu

Shekara shida na yi ina tuƙa motar kawuna, ƙanen mahaifiyata, kuma duk tsawon shekarun nan gwiwar hannuna tana jingine a kan abin da ya kai ni gidan kaso.

Kawu ɗan kasuwa ne a Dogon Dutsi, wake da gero yake saye a ƙauyuka. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya sa aka koya mini tuƙi, shi ya yi mini aure. In ya ce mini rana ta fito daga yamma, leƙawa zan yi in gani.

Motar kat-kat ce, irin mai keta yashi, mai buɗaɗɗen baya. Tsakanin kujerun gaba akwai akwatin nan da ake ɗora hannu, inda muke zuba goro da cajar waya da takardun mota. Amma in ka kwashe tarkacen, ka ɗaga wata 'yar roba da aka shimfiɗa, sai ka tarar da murfin ƙarfe mai ramin mabuɗi, ko lakile kamar yadda muke cewa. Mai walda ne ya ƙera shi, ya ɗaure shi a jikin motar yadda ko da guduma ba ya fita.

Kawu da kansa ya nuna mini shi. Muna dawowa daga Matankari wata rana ya ce in tsaya gindin wani gawo, ya ɗaga robar.

"Ɗana, ka ga wanga? Maganin tsari na. Wata tsohuwa 'yar bori ta haɗa mini shi. Ta ce ran da anka buɗe, doguwar da ka tsaron motar kanmu za ta juyo. Ni ga mantuwa, ga yara gida. Kai ka riƙe lakilen."

A lokacin na tara gemu, na ɗage wando, ba ni da aiki sai yi wa mutane wa'azi a tasha. Na ce, "Kawu, wanga shirka ta."

Ya yi dariya. "To malam, ban ce ka yi mai sujada ba. Riƙewa kawai nic ce."

Na karɓa, na haɗa shi da lakilen mota. Kuma bari in faɗi gaskiya, kaina ya kumbura. Yana da 'ya'ya maza uku, amma ni ya zaɓa. Ban taɓa buɗe akwatin ba. In ka tambaye ni a lokacin, cewa zan yi ƙyamar shirka ce ta hana ni. Ƙarya nake yi, tsoro ne. Ni ɗan Arewa ne, yankinmu da ya yi suna a bori, na tashi ina ganin matan da iskoki ke hawa kansu, kuma gemu bai cire mini wannan ba. Har in mun faɗa rami motar ta yi tsalle, sai in ji gabana ya faɗi, kada doguwa ta ji haushi. Kawu ya san ni sarai, ya san ustazun da ke cikina ba zai taɓa akwatin ba, ɗan ƙauyen da ke cikina ma ba zai kuskura ba.

Ranar da abin ya faru muna kan hanyar Dogon Kiriya, hantsi bai gama ɗagawa ba. A lokacin an matsa bincike saboda 'yan bindigar da ke yawo a bakin iyaka. Jandarmomi suka tsayar da mu, ba waɗanda muka saba gaisawa da su ba. Wani dogo a cikinsu ya kwashe goron, ya ƙwanƙwasa ƙasan akwatin da yatsa, ya ji ƙarar ƙarfe.

"Mi ke ciki?"

Ban ma jira Kawu ba, ni mai baki. Na ce, "Wallahi tallahi magani na, ba a buɗe shi."

"Ina lakile?"

Na ciro shi daga aljihuna na miƙa. Har gargaɗi na yi masa, wai ya yi hankali da doguwa. Yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Ya buɗe. Ƙaramar bindiga ce baƙa, naɗe cikin tsumma, da harsasai a gefe. Abin da idona ya fara gani shi ne mai. Tana sheƙi, an shafe ta kwanan nan, ga ɗanyen warin man yana tashi. Nan na gane akwai lakile na biyu, kuma ba a wurina yake ba.

Babbansu ya juya ga Kawu ya tambaye shi takardar izini. Na dubi Kawu ina jiran ya yi magana, don shi mutum ne da in ya buɗe baki ake saurare. Ya dafa ƙirji.

"Ni ban san da ita ba. Mota hannunai take, gidanai take kwana. Ku da kanku kun ga wa ka riƙe da lakile." Sannan ya juyo gare ni, murya na rawa. "Ɗana, mi ya kai ka ga wanga aiki?"

Ban san abin da na ce ba. Nan take suka tafi da ni.

A ofishinsu na ba da labarin tsohuwa da doguwa tun daga farko. Mai rubutu ya dubi gemuna, ya dubi wandona, ya ajiye biro ya yi dariya. Ban ga laifinsa ba. Wa zai yarda mai wa'azi ya yi shekara shida yana gadin kayan bori? Gemun da nake taƙama da shi ma sai ya ƙara mini tuhuma, aka yi ta tambayata su wa nake kai wa makamai.

Wata huɗu na yi a kulle. Kawu ne ya yi ta kai da kawo har aka sake ni, kuma gari duka ya san haka. Na fito na tarar ana yabonsa, mutumin kirki da bai yar da ɗan 'yar uwarsa ba duk da abin kunyar da ya jawo masa. A masallacinmu kuwa, waɗanda muke sahu ɗaya sai su amsa sallamata suna duban wani wuri.

Kwana biyu da fitowata inna ta ce in je in yi masa godiya. Na je don ita. Na same shi a zaure bayan la'asar, shi kaɗai, yana ɓare goro.

"Ka ji haushi, na sani," in ji shi. "Amma yi tunani. Da ni anka kulle, wa za ya hiddo ni? Kai? Gida ukku ka ci daga hannuna, har da na uwarka. Kai ko anka kulle, ga shi na hiddo ka. Don haka nib ba ka lakilen tun hwarko."

Na ce, "Kawu, da ka hwaɗa mini gaskiya, wallahi da na riƙe maka."

Kuma da gaske nake. Wannan ne ke cin raina har yau. Da ya ce mini bindiga ce, hanya ta lalace, in an kama mu ka ɗauka a kanka, da na ɗauka, da na shiga kaso ina ganin na biya shi riƙon da ya yi mini. Bai ga na isa a roƙe ni ba.

"Na sani," ya ce. "Amma kai ba ka iya ƙarya ba. Da ka sani, da huskarka ta tona mu tun shekarar hwari." Ya miƙo mini ɓarin goro, ya ce in zo ranar Litinin, akwai wake a Ɗan Kassari. Ban karɓi goron ba, ban kuma koma ba. Motar haya nake ja yanzu.

Da na isa gida inna tana bakin ƙofa tana jirana. Ta ce, "Ka yi godiya?"

Na ce, "Na yi, inna."

Ta sa mini albarka. Kawu kaɗai ne ɗan uwan da ya rage mata, daga gidansa ake kawo mata hatsi, don haka na ja bakina na yi shiru. Har yau tana tsammanin bindigar tawa ce, kuma ta ce ta yafe mini.