Shekarar da Kilin Baba Ya Ƙi Ruwa

A ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, ba mu taso mun san ruwa abin tanadi ba ne. Kanal na bin bayan gidajenmu rani da damina. A nan ake wanki, a nan dabbobi ke sha, daga nan ake ja a ba gonaki. Na sha da na girki kaɗai ake ɗebowa a tsohuwar rijiyar bayan masallaci a zuba a randa, kuma aikina ne, tunda ni kaɗai ce mace a gaban Inna.

Baba yana da doki, kili, wanda tsufa ya fara kamawa tare da mai shi. Ba dokin ado ba ne. Gwiwa ce ta ƙi Baba, shi kuma ya ce yana numfashi ba za a ɗora shi a bayan babur kamar buhun albasa ba. Da ya sallami masu karatun safe a zaure sai ya hau kili ya zaga gonakin tumatir. Ba don dokin nan ba, da duniyar Baba ta tsaya daga zaure zuwa masallaci, kowa a gidan ya san haka.

Kilin bai taɓa shan ruwa a mazubi ba. In za su fita sai ya saka ƙafafunsa na gaba cikin kanal ya sha, in sun dawo haka. Babu wanda ya taɓa ɗaukar shayar da shi a matsayin aiki.

Shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara aka rufe ruwa don gyaran kanal. An yi shela, mun ji, amma tunanin kowa ya tafi kan gona. Kafin mu ankara ƙasan kanal ya tsage, ɗan abin da ya kwanta a ramuka ya yi kore yana wari. Rijiyar masallaci kuwa, da unguwa duka ta koma kanta, sai ta soma ba da ruwa da ƙyar. In na cika randa a rana, na yi sa'a. Yayana, wanda shi ke riƙe da noman rani a gidan, ya ɗauki nauyin sauran. Kullum da safe zai ɗaure jarkoki a babur ya je burtsatse a Kura ya ciko, na wanka da wanki da dabbobi.

Awaki suka sha abinsu. Kilin aka ajiye masa daro fal, ya sunkuya, ya sansana, ya ɗaga kai.

Da farko mun ce iyayi ne, ƙishi zai koya masa hankali. Yaya ya ce ai dokin ma ya ɗauki azumi, aka yi dariya. Dariyar ba ta daɗe ba. Rana a lokacin takan fito da zafinta tun hantsi, iska ba ta motsi, ƙasar tsakar gida ba ta takuwa ba takalmi. Aka mayar da turkensa ƙarƙashin darbejiya. Aka riƙa jiƙa buhu ana shimfiɗa masa a baya. Baba ya jefa kanwa a daron, dokin ya ƙi. Aka dama dusa, ya lasa ya bari. Aka sa gishiri, ko kallo bai yi ba. Sai ya daina taɓa harawa, kashinsa ya koma ƙanana masu tauri, fitsarinsa ya yi ja. Na ga Baba ya kama fatar wuyansa da yatsu biyu ya ja ya saki, fatar ta tsaya a tsaye, ta ƙi komawa.

Masu ba da shawara ba su yi ƙaranci ba. Wani ya ce ciwon ciki ne, wani ya ce baki ne, don a cewarsa mutane sun daɗe suna magana kan tsohon da ke hawan doki a zamanin babur. Mai allurar dabbobi an ce ya yi tafiya. Baba ya saurari kowa. Ya daina zuwa gona, ya kai buzunsa gindin darbejiyar yana zama. Ni tsoro nake ji, ba na dokin ba kamar na Baba, don na ga yadda yake zaune.

Ranar da kilin ya fara tangaɗi a tsaye, bayan la'asar, Baba ya ɗauko allonsa ya yi rubutu. Da ya gama ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya faɗarsa.

"Uwata, kawo mini ruwa a ƙwarya."

Na shiga na ɗebo a randa, don ban san wani ruwan da ake wanke rubutu da shi ba. Ya wanke allon, ya tallabe ƙwaryar ya kai bakin dokin. Kilin ya sansana, ya daɗe yana sansanawa, sannan ya sa baki. Muna jin ƙarar haɗiyarsa har ƙwaryar ta ƙare.

Yaya ya yi kabbara, ya ruga ya juyo sabon ruwa daga jarka a daro. Dokin ya kai hanci, ya kau da kai.

Baba ya dube ni. "Inda kika ɗebo wancan, ƙaro."

Na ƙaro, ya shanye. Baba ya ce a dakata kaɗan kada ya ƙulle masa ciki, sannan ya ce in sake. Haka na yi ta zirga-zirga tsakanin randa da turke. Ba rubutu a cikin sauran, amma babu wanda ya tsaya yin wannan maganar. Inna tana bakin murhu tana kallona ina wucewa. Da moɗa ta fara karto gindin randar ta kasa haƙuri.

"Malam, ruwan buɗa-baki fa ke nan. Mutane sun yini da ƙishi."

"Mu mun san dalilin namu ƙishin," in ji Baba. "Shi fa?"

Inna ta koma kan girkinta. Na juye na ƙarshen, har da ɗan laka-lakan ƙasa, dokin ya sha. Ya girgiza jiki, ya miƙa wuya ya ja harawa kaɗan. A lokacin rijiyar masallaci ta riga ta ƙafe sai gobe.

Aka kira magariba. Inna ta cika kofin silba daga jarka ta miƙa wa Baba ba tare da ta dube shi ba. Shi dai tun da aka rufe kanal bai taɓa kai wannan ruwan baki ba, hatta butar alwalarsa daga randa Inna ke cikawa. Ya ci dabino, ya yi bisimilla, ya kurɓa. Sai ya tsaya da ruwan a baki. Ya haɗiye da ƙyar, ya kai kofin hanci.

"Me ake zubawa a jarkokin nan?" ya tambayi Yaya.

"Na injin ban-ruwa ne, Baba. Fetur. Amma na wanke su sarai da omo."

Gaskiya ya faɗa, ya wanke su. A gidan manomin rani babu jarkar da fetur ko maganin feshi bai taɓa shiga ba, kuma mun saba da warin har ba ma jin sa, a tufafinmu yake, a zaure yake. Mun yi ta wanka da ruwan ba wanda ya ce uffan.

Baba bai yi faɗa ba. Ya juya yana kallon inda kilin yake tsaye, haƙarƙarinsa duk a waje.

"Ashe wannan muke ajiye masa," ya ce. "Ni kuma ina zaune a gabansa ina roƙonsa ya sha."

Inna ta ce a aika maƙwabta a samo masa na randa ko rabin kofi ne. Ya girgiza kai. Ya ɗaga kofin ya shanye sauran har ƙasa, sannan ya dafa bango ya miƙe zuwa salla.