Tarin Tsuntsaye da Tarin Awaki

Idan sanyi ya shigo Riyad, a saman benenmu na unguwar Al-Shifa muke zama bayan magariba. Hajiya Kaka, mahaifiyar babanmu, takan hura gawayi a kasko, ta ɗora shayi, mu kewaye ta. Hausarmu rabi Larabci ce, kullum sai ta kwaikwayi "yalla" da "halas" ɗinmu ta yi ta dariya.

Ina shekara goma sha ɗaya na shiga ƙungiyar besbol ta makarantarmu, wasan da ake jefa ƙwallo wani ya doke ta da sanda. Ni ne mai jifa. Wata rana koci ya manna takarda mai nuna matsakaicin makin da abokan karawa suka ci a hannun masu jifan ƙungiyar, shekara bayan shekara. Shekararmu ce ta fi muni. Na dawo na ce na bar wasan, ai masu cafke ƙwallo ne suke zubar da ita.

Kaka ta dube ni ta ce, "Matso nan, maigidana. Ga wata tatsuniya ta zo, ku riƙe ta da kyau."

Wai a wani gari akwai yaro Tanko, mai tsaron gero da majajjawa. Duk lokacin girbi Sarkin Noma yakan auna ɓarnar kowace gona ya kwatanta da ta shekarun baya. Da aka zo kan gonar Tanko sai aka tarar rabi ya tafi, aka ce a karɓe majajjawarsa. Wata tsohuwa ta ce a dakata. Ta bi gonar zangarniya-zangarniya, ta ware wadda tsuntsu ya tsattsage da wadda akuya ta tauna, don awaki sun shiga ta ɓarakar darni, gyaran darni kuwa ba aikin Tanko ba ne. Tarin tsuntsaye ya fito ɗan kaɗan. Aka bar masa majajjawa, amma tsohuwar ta ɗora masa wannan ɗan tarin a ka, ya ratsa kasuwa da shi har gida.

Washegari na je wa koci da ƙarfina, na ce a cire mini ɓarnar awaki. Da na yi masa bayani ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce lissafin nan dama ba ya ƙirga makin da kuskuren wasu ya jawo. Duk abin da ke takardar daga hannun mai jifa ya fita.

Na kai wa Kaka labari ina ɓata rai. Ta miƙo mini shayi tana murmushi.

"Ashe tsuntsaye ne duka. To sai a gyara hannu."

Ban bar wasan ba. Kullum da la'asar ina jifan bangon gareji, har maƙwabcinmu ya kawo ƙara.

Yanzu injiniya ne ni. Duk sa'ad da aiki ya lalace nakan zauna in ware tari biyu. A da na ɗauka tatsuniyar ta wanke mutum ce. Sai da na girma na lura tsohuwar ba ta san wane tari zai fi yawa ba lokacin da ta shiga gonar.