Raken Baba da Kunyar Inna

"Alhaji, yara fa na kallo!" in ji Inna, da Baba ya fere rake ya kai mata baki. Ni kuwa ina laɓe ina ɗaukar bidiyo.

Na daɗe ina tallar raken gonarmu da kalaman soyayya irin na littattafaina. Ba wanda ya kula, rake sai bushewa yake a zaure.

Da ƙyar Inna ta yarda na ɗora bidiyon. Kafin la'asar ya kai Kance da Tsauni.

Wani ya zo saye, ya ce, "Alhaji, irin na Hajiya nake so."

Baba ya ce, "Rake zan ba ka. Ferewar kai za ka yi wa taka."

Rake ya ƙare tas!

Ashe abin da ya sa mutum murmushi shi yake tura wa wani. Ko ba haka ba?