Wasiƙar Kaka Saje da Na Riƙe Wata Uku

Ranar wata Asabar ce, kwana uku bayan ƙaramar Sallah, shekarar da na shiga aji shida. Ina tsugune a gindin dalbejiyar gidanmu ina tsince tsakuwa daga shinkafar da kawuna ya kawo daga Zabarmari, sai ga telan unguwarmu ya yi sallama da mujalla a hannu, bakinsa ya ƙi rufuwa. Mujalla ce ta Turanci mai kawo tarihin yaƙe-yaƙe, wadda tsofaffin sojoji suke bi. A tsakiyarta akwai hoton wani soja cikin kogi, ruwa har ƙirji, ya goyo wani a baya. A ƙarƙashi an rubuta sunan kakana, Saje Modu, wai shi ne ya yi ta ƙetarar da masu rauni ɗaya bayan ɗaya a yaƙin duniya na biyu, can ƙetaren teku. Ni kaɗai ke iya karatun boko a gidan, don haka ni na karanta, na fassara wa Kaka da Kanuri yadda na iya. Ya kai hoton dab da idonsa. Daga nan ya ce, "Mai goyon nan Ishaku ne. Ni ne wanda aka goya."

Kofur Ishaku Kirista ne daga kudancin Borno, abokin Kaka tun suna kurata. Shi ya fitar da Kaka daga kogin da harsashi a cinya, ya koma ɗauko wani, bai ƙara fitowa ba. Amma ranar ba wanda ya saurari wannan bayani. Kafin la'asar zaure ya cika, wani da goro, wani da hula, mata suna aiko da burabusko. Duk wanda Kaka ya gaya wa gaskiya sai ya yi dariya ya ce kunya ce irin ta manya. Ranar Litinin kuma hedimasta ya kira ni gaban asambuli ya ce a tafa wa jikar jarumi. 'Yan matan da ba sa yin carafke da ni suka fara ajiye mini wuri. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Kaka ya ce sai an rubuta wa masu mujalla su gyara. Ya ƙi masu rubutun wasiƙa da ke zama a bakin gidan waya, ya ce suna ƙara wa magana gishiri. "Yagana, ke za ki rubuta, abin da na faɗa kawai." Ya zauna a kan buzunsa yana faɗa, ni ina juyawa Turanci a takardar da na cire daga tsakiyar littafin lissafi. Ya dangwala babban yatsansa a ƙasa, ya ba ni ambulan da kan sarki, ya ce in jefa a akwatin gidan waya idan an tashi makaranta.

A hanya na buɗe in duba sau ɗaya. Na ga inda na soke kalma har wuri huɗu, na ga tabon tawada a kan sunan Ishaku. Tun ina ƙarama ni mai tsoron kuskure ce. Idan aka aike ni awo, sai na koma na tambaya sau biyu. Sai zuciyata ta ce, mutanen nan masu ilimi za su ga wannan rubutun kaza su jefa a kwandon shara, gaskiyar Kaka ta mutu a hannuna. Na ce bari in sake kwafa mai tsabta, gobe in kai. Da na dawo gida Kaka ya tambaye ni, na ce na jefa. Gobe ta zo, sabon kwafin ma layinsa ya karkace. Na uku na manta kalma. Na tuna kuma ba yadda zan sami yatsan Kaka a kan sabuwar takarda sai na faɗi ƙaryar da na yi. Haka na yi ta cire tsakiyar littattafaina har malamin lissafi ya zane ni, ina ɓoye takardun a ƙarƙashin tabarmata. In na je famfo ɗiban ruwa bokiti ya cika yana zuba ban sani ba. In ina daka sai taɓarya ta tsaya a hannuna. Na bar gaɗa, na bar cin tuwo sai loma biyu, har innata ta jiƙa mini sassaƙe tana zaton shawara ce. A sallah ina roƙon Allah ya gyara mini rubutu, ban taɓa roƙon ya ba ni ƙarfin faɗin gaskiya ba. Har yau ban san nawa ne tsoron kuskure a ciki ba, nawa ne kuma son tafin nan na asambuli.

Duk ƙarshen wata Kaka yakan dogara sanda zuwa shagon tela ya karɓo sabuwar mujalla, in karanta masa shafin wasiƙun masu karatu tun daga sama har ƙasa. Wani ya gyara sunan bataliya, wani ya yi faɗa a kan launin hula, namu babu. Ni na san dalili. A wata na uku tari ya kwantar da shi. Ina shara a bakin ɗakinsa na ji yana ce wa kakata, "Falmata, mutum ya ba ni ransa, na ƙara da cinye sunansa. Da wace fuska zan tashi gobe kiyama?" Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Na kwaso takardun, goma sha ɗaya, na zube a gabansa ina kuka har numfashina yana yankewa.

Bai doke ni ba, kuma da ma dukan ya yi. Ya ce wacce ce ta farko, na nuna mai tabon tawada. Ya ce a miƙo masa hularsa. Kakata ta yi ta roƙo, ya ƙi ji. Muka fara da shagon tela, muka bi gidajen duk waɗanda suka kawo gaisuwa, shi yana jingina da bango yana tari, ni ina karanta wasiƙar da ƙarfi ina fassarawa, da sokenta da tabonta. Ya mayar wa mai hula hularsa. Washegari muka hau tasi zuwa unguwar Galtimari, gidan Malam Dauda, ɗan Ishaku, wanda ke aikin akawu a cocinsu. Ya saurare ni har ƙarshe, kansa a ƙasa. Sannan ya ce, "Baba, na ga hoton tun fitowarsa. Na gane fuskar mahaifina. Da na ji shiru, sai na ce ko kun ga ya dace da ku ne." Kaka ya rufe fuska da hannun riga. Ban taɓa ganinsa yana kuka ba sai ranar.

A hanyar dawowa na jefa wasiƙar a akwatin gidan waya, Kaka yana tsaye yana kallo. Ya rasu kafin damina. Na ci gaba da zuwa shagon tela har mujallar ta daina zuwa, ban taɓa ganin gyaran ba.

Yanzu 'ya'yana idan suka ga kuskure a waya, kafin shayi ya huce sun rubuta gyara, mutum ɗari sun gani, gobe kowa ya manta. Nakan tuna tsohon da ya bi ƙofa ƙofa da sanda da tari don sunan mamaci. Malam Dauda ya yafe mini tun ranar, ya ce yarinta ce. Amma wata ukun da ya yi yana zargin Kaka a zuciyarsa, ba mujallar da za ta buga gyaransu.